Noman Akwatin Katako A Zango: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Kira Kafinta

Duk wanda ke riƙe da babbar waya a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton nan a WhatsApp ko Facebook ba: wani Bature ko Baturiya sun haɗa falankai huɗu sun yi akwati marar gindi a bayan gida, sun cika shi da baƙar ƙasa, ga salati da tumatir sun yi kore shar kamar a tsinka a kai baki. Hoton ya shiga ran mata da yawa a nan Damagaram, musamman na unguwar Zango, inda gidaje ke manne da juna, tsakar gida kuwa a wasu gidajen ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyar ba. Tambayoyin da masu saurare ke aiko mana gidan rediyo a kan wannan batu kusan iri ɗaya ne: shin abin zai yi a nan? Wane katako za a saya? Akwai riba a ciki, ko kuwa ado ne kawai?

Amsarmu ita ce zai yi, amma ba a kowane gida ba, kuma ba yadda aka gani a hoto ba. Dalili kuwa shi ne, matsalar da Bature ya yi akwatin don ya magance, kishiyar tamu ce. Wadda ba ta fahimci haka ba tun farko, za ta biya mai katako, ta biya kafinta, ta biya mai ga-ruwa, daga ƙarshe gara ce za ta ci ribar.

Abin da ya sa Turawa ke ɗaga ƙasa

A ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Amurka, mutane kan yi wani dandamali na katako a bayan gida domin zaman shan iska, kamar dai dakalin da muke yi a ƙofar gida. Falankan da ake shimfiɗawa a wannan dandamali suna da faɗin santimita 12 zuwa 15, kaurinsu kuma kusan santimita 3, an kuma ɗura musu magani tun daga masana'anta don kada su ruɓe a cikin ruwan sama. Da yake suna da arha a can, kuma sau da yawa akan samu ragowa bayan an gama aiki, sai mutane suka riƙa haɗa akwatin shuka da su. Irin waɗannan falankai ne mai karatu ke gani a yawancin hotunan da ke yawo.

To, me ya sa suke ɗaga ƙasar? A arewacin Turai ruwan sama ba ya da wata guda, ƙasarsu kuma a wurare da yawa laka ce mai riƙe ruwa, ga sanyi. Idan aka ɗaga ƙasa sama a cikin akwati, ruwa zai tsiyaye da sauri, rana kuma za ta dumama ta ta gefe, sai a samu a yi shuka da wuri. Wato akwatin an yi shi ne don ya kori ruwa ya jawo zafi.

Yanzu mai karatu ya dubi garinmu. Ruwan da ke sauka a Zinder a shekara bai cika wuce milimita 400 da 'yan kai ba, mafi yawansa kuma tsakanin Yuli da Satumba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura 40 a ma'auni. Garin a kan dutse yake zaune, ƙishirwarsa kuma ta shiga tarihi, domin ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka kai Yamai a 1926. Ruwan da ke zuwa famfunanmu daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, amma duk da haka matar da ke zaune a Zango ta san yadda bazara ke yi da famfo. Shi ya sa idan ka je garake a Mirya ko Gidimuni za ka tarar manoman rani ba sa ɗaga ƙasa. Fangali suke yi, su ja 'yar kunya ta kewaye shi, tsakiyar ta zama kwari, don duk ɗigon da aka zuba ya tsaya a gindin shuka. Tun kafin gwamnatin Janar Seyni Kountché ta yi yekuwar noman rani bayan farin 1984, haka kakanninmu ke yi, kuma suna da gaskiya. Duk mai fili da ƙasa mai kyau a bayan gari, shawararmu ita ce ya manta da katako, ya yi fangalinsa.

Gidajen da akwatin zai yi wa rana

Sai dai ba kowa ke da garka ba. Zango tun asali masaukin fatake ne, inda ayarin raƙuma daga Agadas da ƙasashen Larabawa ke sauke kaya a wajen ganuwar Birni, nan ne kuma manyan attajirai irin su Malam Yaro suka yi gidajensu. An gina unguwar don ciniki, ba a bar wa noma wuri ba. A yau tsakar gida ko dai an dafe ta da siminti, ko ƙafa da turmi sun daddaɓe ta shekara da shekaru, ko kuma idan ka sa magirbi taƙi ɗaya ka ci karo da dutse. A irin wannan gida, in ba a kawo ƙasa daga waje an tsare ta da wani abu ba, ko tsinken yakuwa ba zai yi ba. Nan ne akwati ke da amfani.

Na biyu shi ne damina. Ruwanmu kaɗan ne, amma idan ya zo yakan zo a fusace. Ba mu manta da 2024 ba, shekarar da mamakon ruwa ya rusa gidaje masu yawa a ƙasar nan, har tsohon masallacin Birni da aka gina tun ƙarni na 19 ya faɗi a farkon watan Satumba. Tsakar gidan da ruwa ke kwanciya a cikinta kwana biyu, duk abin da aka shuka a ƙasa saiwarsa ruɓewa take yi, alhali na cikin akwati yana sama yana shan iska.

Akwai kuma 'yan haya, waɗanda ba su da ikon gina komai a gidan mutane. Akwatin katako ana iya kwance shi a ɗora a amalanke ranar tashi. Sannan akwai iyayenmu mata da ciwon baya ko na gwiwa ya hana su duƙawa. Idan aka yi musu shi a kan ƙafafu kamar tebur, a tsaye ko a kan kujera za su yi aikinsu.

Wani hanzari ba gudu ba, kuma wannan muna roƙon mutanen Zango da Birni su riƙe shi da hannu biyu: kada a jingina akwatin shuka da katangar ƙasa. Abin da za a riƙa yi wa ban-ruwa safe da yamma, laimarsa za ta bi ƙasa ta shiga gindin ginin, ta riƙa cinsa a hankali ba a gani, sai damina ta zo ta ƙarasa. A bar tazarar aƙalla rabin mita, in da hali mita guda, a kuma karkata wurin yadda rarar ruwa za ta bi ta wuriya ta fita. Haka nan kada wani ya ce zai ɗora shi a kan soron azara. Akwati mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin santimita 30, yana cin ƙasa lita 600, idan ta jiƙe kuwa nauyinta kan kai kilo 800 zuwa 900. Wato buhun siminti goma sha shida ko fiye ke nan za a ajiye a kan ɗakin da yara ke kwana.

Katako, gara, da guba

Nan ne gizo ke saƙar. Ba mu da dajin da ake yanka falanki a ƙasar nan. Kusan duk katakon da ke hannun masu sayarwa a Zinder daga kudu yake zuwa, galibi ta Najeriya, shi ya sa farashinsa ke bin Naira da kuɗin mota da halin da iyaka ke ciki. 'Yan kasuwa sun ga haka ƙuru-ƙuru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya har zuwa watan Maris na 2024. Saboda haka abin da Bature ke ɗauka a matsayin ragowar aiki, a wurinmu jari ne.

A wurin masu katako za a nuna maka fari da ja. Farin katako ya fi arha, ba ya da nauyi, yana da daɗin aiki, amma a wurin gara tuwo ne da miya. Idan aka kafa shi a kan ƙasa, aka cika shi da taki, aka kuma riƙa jiƙa shi kullum, an haɗa wa gara duk abin da take so a wuri guda, da wuya kuma ya ga damina ta biyu da ƙarfinsa. Jan katako mai nauyi ya fi jurewa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa zai sa mace ta tambayi kanta salati nawa za ta sayar kafin ta mayar. A ɗaga falankin a ji nauyinsa, a danna masa farce. Wanda farce ya shiga cikinsa da sauƙi, haƙorin gara ma zai shiga.

Muna da itatuwan gida da gara ke jin tsoro. Azarar giginya ce kan gaba, shaida kuwa tana rufin tsofaffin sorayen Birni. Ƙirya ma haka, wadda ake sassaƙa turmi da ita. Amma waɗannan ba abin da za a je a sara ba ne don a shuka salati. Dokar gandun daji ta 2004 ta hana taɓa itatuwan da aka kare ba da izini ba, kuma mu mutanen Damagaram mun riga doka sanin wannan, tunda har yau ana ba da labarin irin hukunci mai tsanani da sarakunanmu na da suka ɗora wa wanda ya sare gawo. Abin da ya halatta shi ne tsohuwar azarar da aka fitar daga ginin da aka rushe, ko sandunan dalbejiya da na turare da ake sayarwa a fili. Waɗannan suna yin ginshiƙan kusurwa masu kyau.

To, yaya batun magani? Falankan Turawa da muka ambata, a cikin wata tukunyar ƙarfe ake sa su, a zuƙe iska, sannan a matsa maganin da ƙarfi ya ratsa cikin itacen, shi ya sa suke da ɗan launin kore-kore. Shekaru da dama maganin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira CCA, yana ɗauke da asenik, guba ce kuwa sananniya. Daga farkon 2004 aka daina amfani da shi a katakon gidajen jama'a a Amurka, Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi a wannan shekarar, aka koma magungunan da jan ƙarfe ne jigonsu. Wannan ya shafe mu ta fuska ɗaya: kayan gwanjo. Duk tsohon katako mai kore-koren nan da ba a san asalinsa ba, kada a shuka abin ci a cikinsa. Mafi muhimmanci kuma, kada a sa shi a murhu. Muna faɗar haka ne saboda 'yan uwa mata masu tuyar ƙosai da waina da awara, waɗanda ke sayen guntayen katako a wurin kafintoci don hura wuta. Hayaƙin irin wannan katako da tokarsa duk guba ne, haka ma na katakon da ke da tsohon fenti.

Namu maganin na gida shi ma akwai magana a kansa. Abin da aka saba, idan ana son a kare katako daga gara, sai a je gareji a karɓo baƙin mai a shafe shi. A rufin kwano wannan wata magana ce daban. A akwatin da za a shuka ganyen da za a ci ɗanye kuwa, ba mu goyi baya ba ko kaɗan. Baƙin man da ya fito daga inji yana ɗauke da dattin ƙarafa da sinadarai masu cutarwa, ruwan ban-ruwa kuma zai riƙa wanko shi cikin ƙasar da saiwa ke sha. Wadda ke sayar da salati ga maƙwabtanta, 'ya'yanta ma daga ciki za su ci.

Akwai wata hanyar samun katako mai sauƙi da 'yan kasuwa suka fi kowa sani, wato shimfiɗun katakon nan da ake ɗora kaya a kansu a cikin kwantena da manyan motoci, waɗanda ake kira falet. Waɗanda suka ƙetaro daga wata ƙasa suna da hatimi a gefe, bisa wata ƙa'idar duniya da aka amince da ita a 2002. A duba hatimin. Idan an ga haruffan HT, ma'anarsa da zafi aka gasa katakon don kashe ƙwari, babu magani a jikinsa, ana iya amfani da shi. Idan MB aka gani, an turara shi da wata iska mai guba, gara a bar shi. Wanda kuma aka ga tabon mai ko na wani sinadari a jikinsa, ko ya ɗauko maganin ƙwari, ko wane hatimi gare shi a kauce masa.

Da irin waɗannan falet ɗin ne matan Dakar suka yi suna. Tun 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da gwamnatin Senegal suka fara koya wa mazauna birni noman tebur: a haɗa tebur mai bango da katakon falet, a shimfiɗa masa leda, a huda wuri guda a sa ɗan tiyo don rarar ruwa ta sauka a bokiti a sake zubawa. Maimakon ƙasa kuwa, ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da tsakuwar marmara suke haɗawa, su riƙa ba shukar taki a cikin ruwa. Hukumar ta ce tebur mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya na iya ba da kan salati 36 a cikin kwana 60. Mu dai muna ganin wannan lissafin na wadda ta ƙware ce, kuma iskar Dakar ta bakin teku ba irin tamu ba ce. Amma dabarar tara rarar ruwa a bokiti ta dace da mu, ɓawon gyaɗa kuwa wanda ke da Matamai da Magarya a kusa ba zai nema ya rasa ba.

Yadda za a gaya wa kafinta

Faɗin akwati kada ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiya ta kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ba. Tsawo mita 2 ya isa a fara. Zurfi kuwa, falanki biyu ɗaya bisa ɗaya, wato santimita 25 zuwa 30, ya ishi salati da alayyafo da na'ana'a; mai son tumatir ko karas ta ƙara na uku. A kowace kusurwa a sa ginshiƙi ta ciki, a kuma sa ɗaya a tsakiyar dogon gefe, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana tura katako waje har ya yi ciki. A ce wa kafinta ya yi aiki da ƙusa mai murɗi. Ƙusar guduma idan katako ya sha ruwa ya bushe sau da yawa zamewa take yi, kuma ranar tashi ba ta fita sai ta tsaga falankin.

Kada katakon ya taɓa ƙasa. A jera bulo ko duwatsu a ɗora shi a kai, yadda idan gara ta fara gina hanyarta ta laka za a gan ta a karkaɗe. A shimfiɗa leda mai kauri ko tsohon tamfol a jikin bangon ta ciki, don ƙasar ba ta goga katako ba, ruwa kuma ba ya tsere ta tsakanin falankai. Gindin dai a bar shi a buɗe, in kuwa a kan siminti ne a hudda ledar, a zuba tsakuwa kaɗan kafin ƙasa. Duk ranar Juma'a a leƙa ƙarƙashi. Wannan leƙen ya fi kowane magani.

Ƙasar da za a zuba, lita 600 ɗin nan, kimanin baro goma ke nan, a sa kuɗin mai amalanke a lissafi. Kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya takin dabbobi da ya ruɓe sosai, in an samu 'yar lakar bakin tabki a ƙara don ta riƙe ruwa. Ɗanyen kashin tumaki daga turke yana ƙone shuka, yana kuma kiran gara; a tara shi a jiƙa a rufe wata biyu tukuna. Ƙasar juji kuwa, duk da baƙinta mai jan ido, jujin yau ba na da ba ne, cike yake da fasassun batura da leda da kwalaben magani.

Ruwa shi ne uwar lissafi

Ga yadda mace za ta auna da kanta. A lokacin sanyi, kowace mita ɗaya ta shuka tana shan kimanin lita 5 a rana, a bazara kuwa takan kai 8 ko fiye, akwati kuma ya fi fangali sha tunda rana da iska na dukansa ta gefe. Ke nan akwatin mita 2 zai ci rabin jarka mai lita 25 a sanyi, a bazara kuma kusan jarka guda, kullum, ba Juma'a ba Lahadi. Hajiya ta ɗauki kuɗin jarka a unguwarta a watan Afrilu, ta ninka sau 30, ta ajiye kusa da abin da take sa ran samu. Idan da ruwan saye kaɗai za a yi noman bazara, mu ba mu ga ribar ba.

Abin da ke gyara lissafin shi ne ruwan da gida ke zubarwa: na alwala, na wankin shinkafa da kayan miya, na ɗaurayar kwanuka ta ƙarshe. A zuba shi a gindin shuka, kada a watsa a kan ganyen da za a ci ɗanye. Ruwan omo da na bilic kuwa a kai su wuriya. Sannan ga wata dabara da ba ta buƙatar komai daga waje: a sayi ƙaramin tulun Mirya, a binne shi a tsakiyar akwati har wuya, a cika shi da ruwa a rufe bakin saboda sauro. Tsatsafar nan da ke sanyaya mana ruwan sha ita ce za ta riƙa shayar da saiwa a hankali ta ƙarƙashi, inda rana ba ta kaiwa. A rufe fuskar ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, a dai kula kada rufin ya taɓa katako. Daga watan Maris a kafa 'yar rumfar zana da za ta tare ranar azahar zuwa la'asar. Awaki da kaji da ƙadangaru kuwa, waɗanda su ne abokan gaba na biyu bayan gara, sai an kewaye da waya ko ƙaya. Gidan sauron da aka raba a likita na kwanan yara ne, yana kuma da maganin ƙwari a jikinsa, ba na rufe salati ba ne.

Me za a shuka?

A nan muna magana da 'yan kasuwa, ba sai mun koya musu ba. Akwatin mita 2 ba zai yi gasa da motocin da ke sauke tumatir da albasa da shu a Kasuwar Dole a watan Janairu ba. A wannan lokaci tumatir ɗin da aka saya ya fi wanda aka noma a gida arha. Abin da ke biya shi ne wanda ke yaushi a hanya, ake kuma sayensa ɗauri-ɗauri kowace rana: na'ana'a, wadda duk majalisar shayi ke nema kuma tana sake tohowa bayan an yanka, sai lansir, da lawashi, da alayyafo, da salatin da ake tsinkar ganyensa na waje a bar zuciyar. Azumi ma yana matsowa cikin watannin sanyi, tunda na 2025 a farkon Maris ya kama, kowace shekara kuma yana ja baya da kwana 10 ko 11. Salati na son sanyi, masu buɗa-baki kuma na son salati.

Amma a ganinmu babbar ribar akwati tana wurin renon iri. A watan Agusta da Satumba, lokacin da fadamu ke cike da ruwa kuma ruwan sama ke tumurmushe duk ƙaramin tsiro, mai akwati na iya yafa irin tumatir da tattasai da shu a ƙarƙashin rumfa. Bayan mako huɗu zuwa shida sun isa dashe, daidai lokacin da masu garka ke gyaran fangali suna neman iri ido rufe, domin duk wanda ya riga dasawa shi ke riga kaiwa kasuwa kafin farashi ya faɗi. Akwati guda na ɗaukar ɗaruruwan tsiro, ruwan kuma mafi yawansa Allah ne ke bayarwa. Idan an kwashe dashen a Oktoba sai a ƙara taki a zuba salati.

Ga masu gidan kansu, waɗanda ba su da niyyar tashi, muna ganin bai kamata su kashe kuɗi a katako ba sam. Bulon siminti jeri biyu yana yin aikin da falanki ke yi, gara ba ta cinsa, ramukansa ma ana iya cika su da ƙasa a dasa na'ana'a. Dutse kuwa garin nan ba ya rasa shi, kuma kaurinsa na hana zafin rana ratsawa zuwa saiwa. Wadda ke son ta gwada hannunta kafin ta sa jari, ta fara da buhunan shinkafa uku ko huɗu, ta naɗe bakinsu, ta hudda gindin, ta cika su da wannan haɗin ƙasar. Rana za ta cinye buhun cikin 'yan watanni, amma kafin nan ta san ko wurin na samun rana yadda ya kamata, ta san jarka nawa take kashewa a mako, ta kuma san ko akwai gara a gidan. Katako sai a bar wa 'yar haya, da mai tsakar gidan siminti da ke buƙatar tebur, da Inna da ba ta iya duƙawa. Su ma kafin su biya, su sa kafinta ya rubuta kuɗin falanki daban, na ginshiƙi daban, na ƙusa da na aikin hannu daban, su kuma je da shi wurin mai katako su ɗaga falankin da hannunsu.